Daga Gwaranci zuwa Jumla: Tsakar Gida da Matakan Farko na Maganar Yaron Bahaushe

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda yaro ke kama harshen Hausa tun daga gwaranci har zuwa lokacin da yake haɗa kalmomi, wato daga wajen wata shida zuwa shekara uku. An ɗora matakan da masana suka gano a wasu harsuna a kan tsarin sauti da nahawun Hausa, da kuma tsarin reno na gidan Bahaushe. Matsayin takardar shi ne, ma'aunin da aka gina a kan hirar uwa da ɗanta su biyu, wanda kuma ya dogara ga ƙirga kalmomi, ba zai yi daidai ba wajen auna yaron da ya tashi a hannun mutane da yawa, yana koyon harshen da karin sauti da tsawon wasali ke ɗauke da nahawunsa.

1.0 Gabatarwa

A gidan Bahaushe ba a ƙirga kalmomin yaro. Ana bin girmansa ne da wasu alamomi da kowa ya sani: ya fara zama, ya fara rarrafe, ya yi haƙori, yana tatata, yana gwaranci, bakinsa ya buɗe. Idan sa'anninsa suka yi gaba suka bar shi, sai a ce yana da nauyin baki. Idan yana magana amma wasu baƙaƙe suna gagararsa, a ce tsamin baki ne. Idan yana sarƙewa a tsakiyar kalma, in'ina ce. Waɗannan kalmomi shaida ne cewa al'umma ta daɗe da lura da matakan, har ta bambanta jinkirin magana da matsalar furuci, bambancin da masu maganin matsalolin magana ke yi a asibiti a yau.

Manufar takardar ita ce ta bayyana abin da yaron Bahaushe yake fuskanta a wannan tsakani: wane aiki harshen Hausa ya ɗora masa, a bakin wa yake ɗaukar harshen, kuma da me ya kamata a auna ci gabansa.

2.0 Waiwaye a kan Ra'ayoyin Masana

Muhawarar zamani a wannan fage ta faro ne da Skinner (1957), wanda ya ɗauki magana a matsayin ɗabi'ar da ake koyo ta hanyar kwaikwayo da ƙarfafawa: yaro ya furta, a yaba masa, ya maimaita. Chomsky (1959) ya soki wannan ra'ayi da hujjar cewa yaro na furta jumlolin da bai taɓa ji ba, don haka dole akwai wani shiri na harshe da aka halicce shi da shi. Shekara guda kafin haka Berko (1958) ta nuna wa yara hotuna masu ƙagaggun sunaye, suka kuma gina jam'insu bisa ƙa'idar Ingilishi, abin da ya nuna ƙa'ida yaro ke tsamowa daga abin da yake ji. Brown (1973) ya bi yara uku na tsawon lokaci a Amurka, ya fito da ma'aunin matsakaicin tsawon furuci, wanda ke ƙirga ƙwayoyin ma'ana a kowace magana. Bruner (1983) kuwa ya mayar da hankali ga wasanni da al'amuran yau da kullum da ake maimaitawa tsakanin uwa da ɗa, yana ganin su ne matakalar da yaro ke hawa.

A ɓangaren sauti, Jakobson (1941) ya yi hasashen cewa yara na fara mallakar tsayau da 'yan hanci na leɓɓa tare da wasalin a, sauran sautuka su biyo baya. Ferguson (1964) ya kwatanta maganar da manya ke yi wa jarirai a harsuna shida, ciki har da Larabci, ya tarar da ninki da sauƙaƙa gaɓa a cikinsu.

Yawancin waɗannan ayyuka sun ɗauka cewa uwa ce ke zama gaban jariri tana yi masa hira ido da ido. Ochs da Schieffelin (1984) sun nuna ba haka abin yake ba a Samowa da kuma wajen al'ummar Kaluli ta Papuwa Niugini, inda ba a ɗaukar jariri abokin hira, amma yara na koyon harshe lafiya lau. Casillas da abokan aikinta (2020) sun sami irin wannan sakamako a wani ƙauyen masu harshen Tseltal a Meziko: maganar da ake yi wa yaro kai tsaye kaɗan ce, amma yana cim ma matakan a kan kari. Wannan ya rage ƙarfin fassarar da aka yi wa binciken Hart da Risley (1995), wanda aka gudanar a kan iyalai 42 a Kansas, har aka riƙa auna wadatar harshen gida da yawan kalmomin da ake faɗa wa yaro. Kidd da Garcia (2022) sun duba manyan mujallu huɗu na wannan fage, suka tarar harsuna 103 kacal aka taɓa nazarta, kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na harsunan duniya, Ingilishi ne kuma ya kwashe kaso mafi tsoka.

Game da Hausawa, tarihin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya bayyana goyo da yaye da kunyar ɗan fari daga bakin mace Bahaushiya. Marvin da abokan aikinsa (1977) sun nuna cewa jaririn Bahaushe na shaƙuwa da masu reno fiye da ɗaya. Schildkrout (1978) ta bayyana yadda yaran birnin Kano ke zama ƙafar matan kulle wajen aike da talla. Bayanin nahawu da tsarin sauti da takardar ta jingina da shi na Galadanci (1976) ne da Sani (1999) da Newman (2000) da Jaggar (2001).

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na siffantawa ne da kwatance. An ɗauko shekarun da ake cim ma kowane mataki daga binciken da aka wallafa a kan wasu harsuna, sannan aka tambayi me kowane mataki ke nufi ga mai koyon Hausa. Misalan maganar yara da na manya an zaɓo su ne daga irin waɗanda ake ji kullum a gidajen masu daidaitacciyar Hausa, an kuma kawo su a matsayin samfuri. Inda bayani ya fito daga tsarin harshen kansa, an kira shi hasashe, domin a gwada shi a fili. Wajen rubuta misalan da ke buƙatar haka, an ninka dogon wasali (aa), an sa wa karin ƙasa alama (à), an sa wa faɗau tasa (â), an bar karin sama ba alama.

4.0 Nazari

4.1 Kunne kafin baki

Abin da jaririn Musulmi ke fara ji da gangan shi ne kiran salla da ake yi masa a kunne, amma jinsa ya riga wannan rana. DeCasper da Fifer (1980) sun nuna cewa jariri ɗan kwanaki yana fifita muryar uwarsa a kan ta wata mace. Werker da Tees (1984) sun gwada jariran da ke tashi cikin Ingilishi da sautukan Hindi da na wani harshen 'yan asalin Kanada. 'Yan wata shida zuwa takwas sun bambanta sautukan, 'yan wata goma zuwa goma sha biyu kuwa akasarinsu sun daina. Abin lura ga mai nazarin Hausa shi ne, ɗaya daga cikin sautukan da aka gwada tunkuɗau ne irin ƙ. Ke nan a daidai watannin da jaririn Bature ke sakin wannan rukuni na sautuka, jaririn Bahaushe na riƙe bambancin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da daidai da ɗaiɗai, alhali bai furta ko kalma ɗaya ba.

Gwaranci mai cikakkiyar gaɓa, irin bababa da dadada, yakan bayyana daga wajen wata shida, kuma yawancin yara masu ji sun fara shi kafin su wuce wata goma. Kalmar farko takan zo wajen cikar shekara. Tazarar da ke tsakanin yaro da yaro tana da faɗi, kamar yadda take a motsin jiki. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda yaran Gana na cikin waɗanda aka bi, ya nuna yaro mai lafiya zai iya fara tafiya shi kaɗai tun yana wata 8.2, wani kuma sai ya kai wata 17.6.

4.2 Kalmomin farko da maganar reno

Sunayen mutanen gida a Hausa tamkar an ƙera su ne daidai bakin jariri:

(1) mama, baba, dada, kaka, yaya
(2) Umma, Abba, Inna, Goggo

Rukuni na (1) ninkin gaɓa ɗaya ne, kuma baƙaƙensa na cikin waɗanda ke fitowa a gwaranci, daidai da hasashen Jakobson. Manya ne ke tsintar gwarancin su ba shi ma'ana: jariri ya ce bababa, mutanen gida su ce ya kira babansa. Kalmar mama ma tana nufin uwa, tana kuma nufin nono, abubuwa biyu da ba su rabu ba a duniyar mai shan mama. Rukuni na (2) na ɗauke da baƙi biyu iri ɗaya a jere, don haka tun a kalmomin farko yaro ke haɗuwa da nauyin gaɓa, wanda ginshiƙi ne a ƙirar kalmar Hausa.

Akwai kuma kalmomin da manya ke amfani da su musamman idan da ƙaramin yaro suke magana: tutu, dodo, cici, tatata, oyoyo. Dukansu ninki ne, kuma kowace na da aikinta a rayuwar yini, ko tsabta, ko tsoratarwa daga abin da zai cutar, ko koyon tafiya, ko tarbar wanda ya dawo. Ya kamata a tattara waɗannan kalmomi gari-gari, domin suna sauyawa daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Damagaram, kuma suna bakin tsofaffin mata ne fiye da cikin littattafai.

4.3 Baƙaƙe masu nauyi

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Babu cunkoson baƙaƙe a farkon kalma, don haka wahalar da yaron Ingilishi ke sha a nan ba ta shafi Bahaushe ba. Tasa wahalar tana wajen haɗiyau da tunkuɗau da ra guda biyu, ra-kaɗe da ra-gare. Abubuwan da ake ji a bakin 'yan shekara biyu sun haɗa da:

(3) musaya: luwa ko yuwa (ruwa), taza (kaza), kadan (kaɗan)
(4) shafe gaɓar farko: yaba (ayaba), lawa (alawa)

Irin wannan musaya ba cuta ba ce a waɗannan shekaru, kuma takan wuce da kanta. Yaron da ke cewa luwa yakan ƙi amincewa idan babba ya maimaita masa luwa, domin a kunnensa ruwa yake ji, harshensa ne bai kai ba tukuna.

4.4 Karin sauti da tsawon wasali

Nan ne ma'aunin da aka aro daga Ingilishi ya fi gazawa. Li da Thompson (1977) sun nuna cewa yaran da ke koyon Sinanci na mallakar karin sauti kafin su gama da baƙaƙe. Amma a Sinanci aikin kari shi ne bambanta kalma da kalma. Binciken Demuth a kan harshen Sesotho na kudancin Afirka ya nuna cewa inda kari ke cuɗanya da nahawu, mallakarsa na ɗaukar lokaci. Hausa na da duka biyun. A matakin kalma:

(5) bàaba (uba) da baabà (uwa ko goggo)
(6) kuukaa (na hawaye) da kuukàa (itaciya)
(7) gàrii (birni) da gàarii (na tuwo)

Misali na (5) yana cikin kalmomin da yaro ke fara furtawa, kuma a gidan da ake amfani da duka biyun, kari kaɗai ke raba namiji da mace. A matakin nahawu kuwa abin ya fi zurfi:

(8) yaa zoo (shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya)
(9) shii nèe ya zoo (shuɗaɗɗen lokaci na biyu)
(10) yà zoo (umartau)
(11) yâa zoo (lokaci na gaba na biyu)

A rubutun yau da kullum duk "ya zo" ake rubutawa. Ga yaro kuwa abubuwa huɗu ne daban, kuma babu baƙi ko ɗaya da ya raba su. Haka nan umarni kai tsaye yakan sauya karin aikatau zuwa ƙasa-sama: yaro yana jin yaa taashì, yana kuma jin tàashi, yana jin taa kaawoo, yana jin kàawoo. Tun da umarni ya yi yawa a maganar da ake yi wa ƙaramin yaro, hasashen takardar shi ne aikatau na farko a bakinsa za su fito da karin umarni ko da labari yake bayarwa, sai daga baya ya raba su.

Wannan na da sakamako ga ma'aunin Brown. Yaron da ya ce yaa tàfi a inda ya dace, ya kuma ce yà tàfi a inda ya dace, ya mallaki bambancin nahawu mai girma, amma tsawon furucinsa bai ƙaru ba ko kaɗan. Mai bincike da ya rubuta maganar yaro da rubutun boko na yau da kullum, ba tare da alamar kari da tsawo ba, ya zubar da rabin bayanansa tun kafin ya fara nazari. Dole a ɗauki murya, kuma mai fassara rikodin ya zama wanda kunnensa ya horu da kari.

4.5 Jinsi, jam'i da korewa

Hausa na bambanta jinsi har a mutum na biyu: kai da ke, ka da ki. Don haka tun yaro bai san ma'anar namiji da mace ba ake kiransa da lamirin jinsinsa, kuma ana sa ran ya mayar wa kowa da nasa. Sananne ne a ji ƙaramin yaro ya ce wa mahaifinsa "ki ba ni", musamman wanda ke wuni cikin mata. Kuskuren na da ma'ana, domin ya nuna yaron ya haddace "ki ba ni" a dunƙule kafin ya gane cewa ki yanki ne mai sauyawa.

A sunaye, ƙa'idar da aka saba ita ce yawancin masu ƙarewa da a mata ne. Sai dai ruwa da gida da nama da suna duk maza ne, kuma suna cikin kalmomin da yaro ya fi ji. Hasashe a nan shi ne zai fara faɗin "ruwan" da "gidan" daidai saboda hadda, kuskure kuma ya bayyana daga baya, lokacin da ya gano ƙa'idar ya fara shimfiɗa ta ko'ina. Jam'i ma haka. Hausa na da azuzuwan jam'i fiye da goma, amma ajin taga da tagogi, mota da motoci, shi ke karɓar yawancin kalmomin aro, don haka shi ake sa ran yaro zai faɗaɗa. Gwaji irin na Berko da ƙagaggun kalmomin Hausa zai warware wannan cikin sauƙi. Ana sa ran korewa ta fara da a'a da babu da "na ƙi", domin tsarin bà … ba mai kewaye jumla na buƙatar jumlar da za a kewaye.

4.6 A bakin wa yaro ke ɗaukar harshe?

Al'adar kunya ta hana uwa, musamman a kan ɗan fari, kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane. Mai binciken da ya shigo da ma'aunin hirar uwa da ɗa zai rubuta cewa wannan yaro na cikin ƙarancin harshe. Wannan hukunci kuskure ne, domin bai dubi inda maganar take ba. Jaririn da ke goye yana wuni a tsakiyar hirar mata, wajen daka da girki da kitso, yana jin muryar mai goyonsa ta bayanta. Idan aka sauke shi, hannun yayarsa ko 'yar reno zai faɗa, yarinyar da ba ta jin kunyar yi masa surutu da waƙa da gyara. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma a fagen harshe maganar ta tabbata a zahiri. Ga samfurin abin da ke faruwa da yarinya mai kusan shekara biyu:

(12) Uwa: Ummi, zo. Ungo, kai wa Goggo ludayi.
(Ummi ta karɓa ta nufi ƙofar ɗakin Goggo.)
Goggo: Wa ya aiko ki?
Ummi: Mama.
Goggo: Madalla. Ce mata na gode.
Ummi (ta dawo): Gode.
Yayarta: Ba haka ba. Ce, "ta ce ta gode."
Ummi: Ta gode.

Aiken bai fi taku goma ba, kuma uwar ba ta rasa mai kai ludayin ba. Horo ne, gwaji ne kuma. Kafin ta furta komai, Ummi ta nuna ta fahimci aikatau da abin da za a kai da wadda za a kai wa. Ta amsa tambayar "wa". Sannan ta yi karo da abu mafi wuya a wakilin suna, wato "na" a bakin Goggo ya koma "ta" a bakinta. Mutum uku suka koyar da ita cikin minti guda, kuma gyaran nahawun daga yarinya 'yar'uwarta ya fito. Aiken da Schildkrout ta bayyana a wajen manyan yara daga irin wannan yake farawa.

Kaka na da nata salon, saboda wasan da al'ada ta halatta tsakaninta da jika, inda take kiran namiji mijinta, mace kuma kishiyarta:

(13) Kaka: Maigida, ina kuɗin cefane?
Yaro: Babu.
Kaka: Babu? To na fasa auren.

Wannan hira ce ta ido da ido irin wadda Bruner ya bayyana, mai maimaituwa kullum, mai jiran amsa, sai dai ba daga uwa ta fito ba. A cikinta yaro ke fara sanin cewa magana kan zama wasa, abin da ake faɗa ba lallai shi ake nufi ba. Gaisuwa ma darasi ce da ake bayarwa da kalmar "ce": ce ina kwana, ce lafiya lau. Ochs da Schieffelin sun sami irin wannan koyarwa ta "faɗi kaza" a wajen Kaluli.

Yaye ya cancanci kulawa ta musamman. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, kuma a al'ada ana yaye yaro wajen wannan lokaci, sau da yawa a kai shi gidan kaka. Wannan ya faɗo daidai da lokacin da yara ke fara haɗa kalmomi biyu, tsakanin wata 18 da 24. Ɗan yaye na barin bayan uwa ya shiga ayarin yara, inda ba mai fassara kukansa, sai ya faɗi abin da yake so da bakinsa. Duk binciken da zai bi yaron Bahaushe na tsawon lokaci ya kamata ya rubuta ranar yaye a cikin bayanansa.

4.7 Harshe biyu da waya

Yaron zango a Kumasi na tashi da Hausa da Tuwi, na Yamai da Hausa da Zabarmanci, na Maiduguri da Hausa da Barbarci. Pearson da abokan aikinta (1993) sun nuna cewa idan aka haɗa kalmomin harsunan biyu, irin wannan yaro bai gaza mai harshe ɗaya ba. Waya kuwa ba ta maye gurbin mutum. Kuhl da abokan aikinta (2003) sun tarar jarirai 'yan wata tara sun koyi sautukan Sinanci daga mutum a gabansu, amma ba su koya ba daga bidiyon mutanen nan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Haɗarin a gidajen birni shi ne wayar na shiga daidai gurbin da kaka da 'yar reno suka bari.

5.0 Nauyin Baki da Batun Ma'auni

Kare tsarin renon Hausa daga ma'aunin da bai dace da shi ba bai zama hujjar yin sakaci da jinkiri na gaskiya ba. Sau da yawa akan ce "gado ne, babansa ma sai da ya shekara uku", ko a ɗora laifin a kan linzami a kai yaro wajen wanzami. Linzami kan iya wahalar da jariri wajen kama mama, amma ba ya hana fahimta ko tara kalmomi, kuma yankansa da askar da ba a tsabtace ba na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Abin da ya fi cancanta a fara dubawa shi ne kunne. Ƙasar Hausa na cikin yankin sanƙarau, kuma sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani ta jarirai da kunne mai zubar ruwa duk suna iya rage ji. Oller da Eilers (1988) sun nuna cewa jarirai kurame na makara wajen fara gwaranci mai gaɓa, don haka alamar na bayyana tun kafin lokacin kalmar farko.

Alamomin da likitocin yara ke ɗauka da muhimmanci ba su keɓanta ga wani harshe ba: babu gwaranci ko nuni da hannu a wata 12, babu kalma ko ɗaya a wata 16, babu haɗa kalmomi biyu a wata 24, ko kuma yaro ya rasa abin da ya riga ya iya, ko yana da wata nawa. Rescorla (1989) ta sa iyakar kalmomi 50 a shekara biyu. Wannan adadi zai yi amfani ne kawai idan jerin kalmomin na Hausa ne tun asali, mai ɗauke da kunu da goyo da buta da akuya, ba fassarar jerin Amurka ba. Alcock da abokan aikinta (2015) sun yi irin wannan aiki ga Suwahili da Giriyama a gaɓar tekun Kenya, inda aka riƙa cike jerin ta hanyar tattaunawa da iyaye mata, saboda waɗanda ba su yi karatun boko ba.

Ma'aunin Hausa zai buƙaci wasu gyare-gyare da suka fito daga abin da aka bayyana a sama. A tambayi duk wanda ke wuni da yaron, ko kaka ce ko yaya, domin kunya na iya hana uwa yabon ɗanta a gaban baƙo. A gwada amsa kira da laƙabin da ake kiransa da shi a gida, domin yaron da aka sa wa sunan kakansa yana iya shekara biyu bai ji sunansa na yanka ba, Abba ko Baffa kawai ya sani. A lissafa aike a matsayin gwajin fahimta. A saurari kari da tsawon wasali a lamirin lokaci.

Wurin gudanar da wannan yana nan a shirye. Olusanya da abokan aikinta (2008) sun nuna a Legas cewa za a iya gwada jin jarirai a asibitocin rigakafi na unguwa, inda ake samun har waɗanda aka haifa a gida. A Nijeriya ana kawo yaro allurar ƙyanda yana wata tara, daidai lokacin da ya kamata gwaranci ya kankama. Ma'aikaciyar lafiya na iya tambayar wadda ta goyo shi, yayin da take cike katinsa, ko ya fara bababa, ko yana waiwayowa idan an kira shi daga baya, da kuma ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa.